Gidan da Babu Zaure: Aikinmu a Zamanin Ambaliyar Saƙonni



Bari mu fara da abin da kowannenmu ya sani, ko da bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Gari na wayewa, kafin mutum ya kurkure baki, hannu ya riga ya kai ga waya. A buɗe, a tarar saƙonni sun yi layi: zauren dangi, zauren unguwa, zauren tsofaffin ɗalibai, zauren 'yan kasuwa, zauren masallaci, zauren matasan jam'iyya, da wani zauren da ba mu ma san wanda ya jefa mu ciki ba. Ga hoton fure mai ɗauke da barka da asuba, ga jawabin minti 40, ga bidiyon hatsarin mota da ba a san ƙasar da ya faru ba, ga maganin da aka ce yana warkar da cuta 12, ga katin biki, ga roƙon gudummawa. A tsakiyar wannan tarkace kuma akwai saƙo ɗaya tak wanda abincinmu na yau ya rataya a kansa: direba ya ce motar albasa ta tsallako iyaka, ko mai ɗinki ta sauya awo, ko shugaban ofis ya matso da taro daga azahar zuwa hantsi. Sau da yawa wannan saƙon shi ne wanda ba ma gani sai bayan aikin gama ya gama.

Idan dare ya yi, sai mu kwanta a gajiye liƙis kamar waɗanda suka wuni suna faskare, amma da za a tambaye mu abin da muka kammala, sai mu yi shiru. Rigar da aka yanka da safe tana nan ba a haɗa ba. Rahoton da aka ce a miƙa ranar Litinin yana nan a shafi na biyu. Bashin da muka ce yau za mu bi, ko sunan mai shi ba mu tuna ba. Wunin ya ƙare wajen amsa kiran wasu.

Ra'ayin da muke son karewa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Labari ya daɗe yana da yawa a zango, domin zango mahaɗar hanyoyi ne tun asalinsa. Abin da muka rasa a yau shi ne ƙofar da labari yake tsayawa kafin ya iso gare mu. Mun rushe zaure, sannan muna mamakin yadda gida ya zama kasuwa. Duk mai son aikinsa ya tsaru, ya kuma ga albarkar wuninsa, to sai ya sake gina zauren nan da hannunsa, don babu kamfanin waya ko wata hukuma da za ta gina masa.

Wanda duk ya tashi a gidan Bahaushe, ko a Kano ne, ko a Damagaram, ko a tsofaffin gidajen zangon Kumasi da Salaga, ya san aikin zaure. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, a turo yaro ya ga ko wane ne, a koma a faɗa wa maigida. In maigida yana cin abinci, ko yana hutawa, ko yana tsakiyar wani uzuri, sai a ce baƙo ya ɗan jira, ko ya dawo bayan la'asar, kuma babu mai ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci. Wani baƙon a zaure ake gamawa da shi. Wani a shiga da shi soron ciki. Ƙalilan ne suke kaiwa tsakar gida. Ke nan zaure rariya ne: yana tace wanda zai shiga, da lokacin da zai shiga, da iyakar inda zai kai.

Abin ban dariya, kuma abin takaici, shi ne wannan suna mai daraja muka ɗauka muka laƙaba wa taron WhatsApp. Amma zauren gaskiya a ƙofar gida yake, maigida yana fitowa gare shi ne in ya shirya. Wannan sabon zauren kuwa a aljihu yake. Yana bin mu shago, ya bi mu ofis, ya bi mu aji, har kan shimfiɗa. Mutum 1,024 za su iya taruwa a cikin guda ɗaya, kowannensu kuma yana da ikon ƙwala mana kira a kowace sa'a ba tare da sallama ba. Wanda yake cikin zaure 15 irin wannan, ya lissafa da kansa yawan mutanen da ya danƙa wa mabuɗin ɗakinsa.

Kada wani ya zaci kakanninmu sun zauna lafiya ne don labari ya yi musu ƙaranci. Fataken da suka riƙa bin hanyar Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 18 da na 19, suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, suna komawa da goro daga kasuwar Salaga, tafiyar watanni suke yi a cikin jita-jita. Yau a ce 'yan fashi sun tare gaba, gobe a ce sarkin gari kaza ya ƙara kuɗin fito, jibi a ce goro ya yi tsada ko ya faɗi. Da kowane falke zai juya jakinsa duk lokacin da ya ji wata magana, da ayari bai taɓa isa ko'ina ba. Sai suka raba aiki. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Madugu ne yake auna labari ya yanke shawara, a tashi ko a kwana. Malamin ayari yana riƙe da alƙalami da lissafi. Sauran jama'a kowa ya ji da kayansa da dabbarsa. Labari yana da hanyar da yake bi, yana kuma da mai tace shi.

In an sauka a gari kuma, ga maigida mai masauki. Shi ya san farashin yau, ya san wanda za a ba bashi a kwana da kwanciyar hankali, ya san wanda ko sisi ba a ba shi. Falke ba ya bin kasuwa rumfa-rumfa yana sauraren kowa. Mutum ɗaya amintacce ya ishe shi. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan unguwar Sabo a Ibadan ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa cinikin goro da na shanu a can ma a kan irin wannan tsari ya tsaya: labari mai inganci da ke tafiya da sauri tsakanin mutanen da suka yarda da juna. Ko wasiƙa ba a rubuta ta kara zube. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934, tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta littafi sukutum a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Mutanen da takarda take musu tsada, manzo kuma yake yin makonni a hanya, dole su auna magana kafin su aika ta.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne aika saƙo ya zama kusan kyauta ga mai aikawa, tsadarsa gaba ɗaya ta koma kan mai karɓa. Mai turawa daƙiƙa 2 ya kashe. Mu da aka turo wa, mu ne za mu buɗe, mu saurara, mu biya da data da lokaci da natsuwa. A 2020 masu WhatsApp sun bayyana cewa ana aika saƙonni kimanin biliyan 100 kowace rana ta manhajarsu, a 2022 kuma suka ce saƙonnin murya kaɗai sun kai biliyan 7 a rana. Tun kafin a san wayar hannu, a 1971, wani masani Ba'amurke mai suna Herbert Simon, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, ya yi nuni da cewa labari ma yana da abin da yake ci, abincinsa kuwa shi ne hankalin mai saurare. Saboda haka duk inda labari ya yi yawa, to hankali zai yi ƙaranci. Sa'o'in wuni ba su ƙaru ba tun zamanin madugai, kan ɗan'adam ma bai ƙara girma ba. Masu neman shiga ne suka ninka ba adadi.

An ma auna abin. Wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, Gloria Mark, ta kwashe kusan shekara 20 tana bin ma'aikata tana auna tsawon lokacin da hankalinsu yake tsayawa a kan abu guda a fuskar kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A 2004 ta sami kimanin minti 2 da rabi. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A shekarun baya-bayan nan ya koma daƙiƙa 47. Ta kuma gano cewa in aka katse mutum daga aiki, yakan ɗauki fiye da minti 20 kafin ya komo kansa, domin a tsakani sai ya ratsa ta wasu ayyukan. A ofisoshin Amurka aka yi wannan bincike, amma duk telan da ya taɓa ajiye almakashi ya amsa waya, ya dawo ya rasa ko inci nawa ya bari na kalmasa, ya san gaskiyarsa. Hausawa dai sun riga sun gama magana: taura biyu ba ta taunuwa.

Asarar kuma ba ta tsaya ga lokaci ba. Saura kwana 3 Sallah, tela yana da awon mutum 40, rabi a littafi, rabi a cikin saƙonnin murya da suka nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a. Sai ya ɗinka wa Alhaji wando da awon ɗansa. Mai sayar da waakye a bakin titi, hannu ɗaya a tukunya ɗaya a waya, sai saƙon ƙarya ya shigo cewa an turo mata kuɗi ta MoMo bisa kuskure, a biyo da kira ana marairaicewa, ta mayar da kuɗin da ba su taɓa shigowa ba. Ɓarawon da rabuwar hankalinta ya dogara. Dillalin shanu a Tulaku ko mai albasa a Adjen Kotoku ya amsa farashi a waya yana tsakiyar wani cinikin, washegari a yi ta rantsuwa a kan abin da aka faɗa da abin da aka ji. Akawu a ofis ya tura wa mai gidansa tsohon fayil a madadin sabo, don fayil 6 ne masu suna iri ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin kuskure ne, amma abin da yake ci babba ne. Yawancinmu ba mu gaji gonar koko ko mahaƙar zinariya ba. Suna muka gada, wato a ce mutumin zango in ya ce gobe, to gobe ce, in kuma aka ba shi ajiya za a same ta yadda aka bari. Mu da muke 'yan tsiraru a cikin wasu al'ummai, wannan sunan shi ne jarinmu, kuma mantuwa tana cinye shi kamar yadda ha'inci yake cinye shi, don wanda aka saɓa wa alkawari ba ya tambayar dalili.

Mun san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce waya ita ce igiyar da ta ɗaure mu wuri guda bayan neman abinci ya warwatsa mu. Da ita uwar da ke Aboabo take jin muryar ɗanta da ke Jidda ko Jamus ko Amurka. Da ita ake haɗa gudummawar asibiti cikin sa'a guda. Da ita ake sanar da jana'iza, mu kuwa ba ma jinkirta gawa in ba dole ba, wanda bai ji da wuri ba ya rasa. Dattijon da bai yi boko ba, saƙon murya ya ba shi bakin da takarda ta hana shi. Matan da suke sana'a daga cikin gida, masu yadi da turare da kayan ƙwalam, waya ce rumfarsu. Sannan ga kunya: yaya za a yi yaro ya ga gaisuwar kawunsa ya ƙi amsawa, alhali alama ta nuna ya gani?

Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a jefar da waya ba, kamar yadda mai zaure bai ce kada baƙo ya zo ba. Zaure ma ai don girmama baƙo aka gina shi: a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, maigida ya fito da hankalinsa duka. Wane ne ya fi girmama kawu, wanda ya jefa masa ɗan hoton hannu yana tsakiyar awo, ko wanda ya bari sai bayan isha'i ya kira shi suka yi minti 10 cikin natsuwa? Zumunta a ƙafa take, in ji magabata, hoton furen da aka watsa wa mutum 200 a lokaci guda kuwa bai taka ko'ina ba. Sanarwar jana'izar da muke tsoron rasawa ma, a cikin wannan tarkacen take ɓacewa. Wanda ya fi kowa buƙatar tsari shi ne wanda abincinsa da zumuntarsa duk suke cikin waya.

To yaya ake gina wannan zaure? Tubalin farko shi ne lokaci. Mun yi sa'a, wuninmu ya riga ya zo a yanke: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha'i. Ba ma buƙatar wani sabon jadawali daga waje. Da sanyin safiya ake kama fara, saboda haka daga buɗe shago ko shiga ofis zuwa azahar, a ba wa aikin da ya fi wuya kuma ya fi kawo abinci: yanka, lissafi, rubuta rahoto, shirya darasi, kwance inji. A wannan tsakani a kashe ƙarar duk wani zaure, a kife waya ko a sa ta a aljihun tebur. A duba saƙonni sau 3 ko 4 a wuni, a lokutan da aka sani, misali kafin fara aiki, bayan azahar, bayan la'asar, da bayan isha'i. A kuma gaya wa mutane a fili: in gaggawa ce, a kira. Cikin mako 2 za su saba, kamar yadda unguwa take sabawa da lokacin fitowar maigida. Game da rasuwa da gobara da ɓatan yaro, kowace unguwa ta ware zaure guda wanda shugabanninsa kaɗai suke iya rubutu a ciki, ba a sa komai sai irin wannan sanarwa. Shi kaɗai za a bar wa ƙara. In ya yi kuka, kowa ya san da dalili.

Na biyu, a raba ƙofar aiki da ƙofar zumunci. Gidajenmu na da ma, inda hali ya samu, ba ƙofa ɗaya baƙi da dabbobi suke bi ba. Yawancin wayoyinmu suna ɗaukar layi 2. A ware ɗaya ga masu ciniki da abokan aiki. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito tun 2018 kuma kyauta ce, tana ba da damar yi wa kowane mai ciniki alama: wanda ya biya, wanda ake bi, wanda kayansa suka tafi. Wanda ya ga babbar waya ta fi ƙarfinsa, ya riƙe ƙarama mai maɓallai a wurin aiki, ya bar babbar sai yamma. Wannan ba ci baya ba ne. Makiyayi ne ya san halin sansa ya ɗaure shi.

Na uku, kuma a ganinmu shi ne ginshiƙi, a dawo da malamin ayari, wato littafi. Guda ɗaya, mai bango mai ƙarfi, ba 'yan takardu barkatai ba. Duk maganar da take ɗauke da lamba, ko rana, ko suna, ko alkawari, to kada ta kwana a waya kaɗai: ana ji, a juye ta cikin littafi, da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓata a cunkoson Kejetia, takan mutu ranar da babu wuta. Littafi ba ya neman caji. Kowane dare kuma, kafin a kwanta, a rubuta abu 3 da in an gama su gobe, to wuni bai tafi a banza ba. 3 kawai, don jerin abu 20 wata ambaliyar ce. Kada wani ya ga kamar rubuta abin da ya sani raini ne ga ƙwarewarsa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai abubuwa 19 da ma'aikatan tiyata za su riƙa bi ɗaya bayan ɗaya: shin wannan ne majinyacin, shin nan ne wurin da za a yanka, shin an ƙirga kayan aiki kafin a rufe. Da aka gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe daban-daban, har da wani a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100. In likitan da ya yi shekaru yana karatu bai ji kunyar duba takarda ba, makanike da tela da akawu ba su da abin jin kunya.

Na huɗu, a riƙa buɗe huhu. Masu fataucin goro sun san cewa ba a ɗaure huhu a manta da shi har a isa gida. Lokaci-lokaci ake kwancewa, a duba, a fitar da wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran, a sake ganye, a ɗaure. Haka ya kamata mu yi wa aikinmu sau ɗaya a mako, ko da na rabin sa'a ne. A bi littafi shafi-shafi: wa muke bi, wa yake bin mu, wane alkawari ne ya matso. A share abin da ya cika waya. A fita daga zauren da aka yi wata guda ba a ƙaru da komai a cikinsa ba, a yi musu sallama cikin ladabi in ana jin nauyi. A sa wa kowane fayil suna da kwanan wata. A tattara muhimman takardu wuri guda, katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa da rasit da takardar fili, a kuma ɗauki hotonsu a ajiye. Dattawanmu da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako 2 su bar ƙasa, ba sa wasa da takarda har yau. Mu kuwa, da aka buɗe sake rajistar layukan waya da Ghana Card a Oktoban 2021, aka yi ta sanarwa ana ɗage wa'adi har 2023, da yawanmu sai ranakun ƙarshe muka je muka bi dogon layi a rana. Wasu ba laifinsu ba ne, katin ne ya yi musu wuyar samu. Wasu kuwa sanarwar ta iso su sau 10, amma ta iso ne tare da saƙo 300, sai ta zama ɗaya daga ciki.

Duk abin da muka faɗa zuwa nan aikin mai karɓa ne, alhali kowannenmu mai aikawa ne kuma. Ambaliyar da take cin gidan maƙwabci, da guga-guga muka tara ta. Kafin yatsa ya taɓa alamar turawa, tambaya 3 ta isa: wa ya faɗa, yaushe abin ya faru, kuma me wanda zan tura wa zai yi da shi? Malamanmu na hadisi sun ƙare rayuwarsu a kan tambayar farko, ba sa karɓar magana sai sun san bakin da ta fito da wanda ya ji ta. Bai dace jikokin almajiransu su zama masu watsa duk abin da ya faɗo ba. Masu manhajar da kansu sun ga ɓarnar, shi ya sa a 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma suka mayar da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri 1. Saƙon murya ma yana da ladabinsa. Ba a iya leƙa shi a ga abin da ke ciki kamar rubutu, dole sai an saurare shi daga farko har ƙarshe. Saboda haka a yi sallama, a gaisa a taƙaice, a faɗi buƙata tun a farko. In akwai farashi ko awo ko lambar asusu, a biyo da shi a rubuce, ko a sa yaro ya rubuta. Doguwar gaisuwa ta iyali da gajiya da sanyi a bar ta sai an haɗu ko an kira, inda za a ji daɗinta.

Masu riƙe da ragamar wasu, nauyinsu ya fi. Maigidan shago da yake kiran yaronsa sau 10 kafin azahar yana tambayar abin da zai iya jira, shi da kansa yake rage cinikin ranar. Shugaban makaranta ko na ofis da yake tura umarni ƙarfe 11 na dare, ya kuma sa ran amsa, yana cin bashin ƙarfin gobe ne. A Faransa, tun farkon 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe waya da imel bayan tashi daga aiki. Mu ba sai mun jira doka ba. Ƙungiyar teloli, ko ta mahauta, ko ta direbobi, ko kwamitin makarantar Islamiyya, kowace za ta iya zama ta yanke ƙa'ida a zama guda: sanarwar aiki a lokaci kaza, a wuri kaza, hira kuma a wani zauren dabam. Shugaban zaure da yake goge abin da bai dace ba, kada a kira shi mai girman kai. Aikin madugu yake yi.

Sunan da ake kiran unguwanninmu da shi ma darasi ne. Zango shi ne inda ayari yake tsayawa, a sauke kaya, a ƙirga dabbobi, a duba abin da ya lalace, a huta, sannan a san ta inda za a bi gobe. Mutanen da suka ratsa daji da koguna daga Kano zuwa Gwanja sun isa ne don sun san tafiya zango-zango ake yin ta. Mu jikokinsu muna neman mu yi tafiyar da babu saukewa, kaya a ka tun asuba har tsakar dare, kowa ya zo ya ɗora nasa. Yaranmu kuma suna kallo. Yaron da ya ga ubansa ba ya iya gama cin tuwo sai ya duba waya sau 5, da wane baki za a ce masa ya zauna ya yi sa'a guda a kan allo ko littafi?

Kowa ya gwada na mako guda: safiya ba ƙara, littafi ɗaya, abu 3, da buɗe huhu a ƙarshen mako. In bai ga bambanci ba, ya koma yadda yake, babu abin da ya rasa. In kuwa ya gani, to ya koya wa yaron shagonsa da 'yarsa da maƙwabcinsa.

Allah Ya sa albarka a lokacinmu da sana'o'inmu, Ya kuma ba mu ikon cika alkawari.